Awon Bayan Inna

Na fi shekara ashirin ina saƙar rigunan sanyi a Sabon Birni. Ba yabon kai ba, a duk tsawon lokacin nan riga ɗaya ce kawai na saƙa ta ƙi mai ita, kuma ta mahaifiyata ce.

Ni ba na saƙa da ka, matan unguwa sun san halina. Idan mace ta aiko da zare ta ce a yi wa mijinta riga, wai jikinsa kamar na mai shagon bakin titi, sai in mayar mata da zarenta. Ina ruwana da mai shago? A kawo mini awo. Ina son faɗin ƙirji, ina son daga ƙashin wuya zuwa inda rigar za ta tsaya, ina son daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Kafin in ɗora riga a kan tsinken saƙa sai na fara yin ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, in wanke shi, in shanya, in ga ƙulli nawa ke shiga inci ɗaya, domin zaren da fatake ke shigo mana da shi daga Maraɗi kowane ƙunshi da halinsa. Wani in ya sha ruwa ya saki, wani ya ƙanƙance. Akwai kuma abin da ba a koya mini a ajin saƙa ba, ni na gano da kaina: bakin hannun riga dole ya iya wuce gwiwar hannu, in ba haka ba mai ita zai riƙa tuɓe ta sau biyar a rana saboda alwala, a rana ta uku kuma ya jefa ta ƙasan akwati. Wuya ma a bar shi yadda zai wuce kan mace da ɗankwalinta.

Duk wannan na sani. Jikin Inna ne ban sani ba.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna mutumiyar dā ce, alkunya a wajenta ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban kowa. Ranar da aka yaye ni aka ɗauko ni daga ƙauyenmu, can gaba da Gatawa, aka kawo ni wajen Gwaggo, yayar Babana, a nan cikin gari. Ita ta raine ni, ta sa ni makaranta, ta aurar da ni. Idan na je ƙauye hutu na durƙusa na gai da Inna, sai ta amsa tana kallon tukunya. In tana son in ci abinci, sai ta ce da ƙanwata, autarmu, a kai wa ɗiyar Gwaggo tuwo. Na san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya gaya mini, ni ma na sani. Amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba. Ina kallon auta tana kwance a cinyarta ana yi mata kitso, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Shi ya sa da na haifi nawa na fari na riƙa ƙwala masa kira da sunansa tun daga tsakar gida har zaure, Gwaggo tana tafa hannu tana cewa boko ya cinye mini kunya.

Da za a bar mu yadda muke, haka za mu ƙare, ita a ƙauye ni a gari, muna gaisuwar Sallah. To, ba a bar mu ba. 'Yan bindiga suka kashe Baba a gona da damina, yana noma, shi da wasu maza na ƙauyen. Ban samu zuwa jana'iza ba, hanya ba ta biyuwa. Inna ta ƙi tashi, ta yi takabarta a ɗakinta. Bayan kaka 'yan bindigar suka sake dawowa, wannan karon ƙauyen duka ya watse. Auta da mijinta suka nufi Isa, suka kama ɗaki ɗaya su da 'ya'yansu. Gwaggo ta riga ta rasu. Babu inda ya rage wa Inna sai gidana, kuma na san da za a ba ta zaɓi da ta fi son kwana a gindin bishiya. Ta iso da hantsi a bayan wani mai mashin, da ƙullin kaya ɗaya a cinyarta.

Na gyara mata ɗakin da ke kusa da madafa saboda ɗumi. Zamanmu ya zama na kurame. Babu auta da za a aika, 'ya'yana kuma duk sun tasa sun bar gida, sai Inna ta koma magana da bango, ko da akuyar da ke ɗaure a gindin darni, shingen karan gidanmu. Ta ce da akuya a faɗa wa masu gida ruwan randa ya ƙare, ni kuma ina tsaye taku uku daga inda take. In na ajiye mata abinci ba za ta buɗe ba sai na bar wurin.

Sanyi ya shigo da ƙarfi a shekarar. Inna ta fara tari, irin busasshen nan mai fitowa daga can cikin ƙirji. Da safe in na leƙo sai in gan ta ta naɗe da zane biyu tana rawar ɗari, tana jiran rana ta faɗo tsakar gida. Na sayo mata rigar gwanjo mai kauri, ta ɗaga ta da yatsa biyu ta ce da bango ita ba ta sa kayan da ba ta san wanda ya mutu ya bari ba. Na ce to, ai ni ce mai saƙa. Rabin yaran unguwar nan a cikin aikin hannuna suke zuwa makaranta, ga uwata tana rawar sanyi a gidana. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai dai awo. Ba zan iya zagaya tef ɗin awo a ƙirjin matar da ban taɓa riƙe ko hannunta ba. Na yi abin da nake hana mutane: na ɗauko rigarta daga igiyar shanya na shimfiɗa na auna. Na manta rigar tsofaffinmu ba ta faɗin komai game da jikin da ke ciki, buhu ce mai wuya, kuma an ɗinka ta tun Baba yana da rai, tun Inna tana da ƙiba. Na zaɓi zare ruwan ƙasa, na yi sati biyu ina saƙa, na ninke na ajiye a kan tabarmarta. Ta tagar madafa na leƙa lokacin da ta gwada. Wuyan ya zame ya bar kafaɗa ɗaya a waje, hannayen suka rufe yatsunta har suka yi saura, ƙasan kuma ya sauka kusan gwiwa. Iska za ta shiga ta sama ta fita ta ƙasa. Ta tuɓe ta a hankali, ta ninke ta fiye da yadda na ninke, ta ajiye a ƙofar ɗakina.

Ta ce da akuya, “A hwaɗa ma masu gida an gode. Wagga riga ta mai jiki ta, a ba wani.”

Raina ya ɓaci, amma da kaina nake fushi. Na kira auta a waya na ce ta zo ta auna mini Inna. Ta ce mijinta ba zai bar ta ta hau hanyar Isa zuwa Sabon Birni ba a kwanakin nan, ko ni ma na san abin da ake yi a kanta.

Ta ce, “Ki auna ta mana, Yaya. Ba uwarki ba ta?”

Na kashe wayar. Wadda ta girma a cinya ba za ta gane ba.

Na warware rigar duka, na jiƙa zaren don ya miƙe, na naɗe. Faɗin ƙirji na ce zan iya rage shi da ido, tun da na ga yadda waccan ta zauna mata. Tsawon baya da tsawon hannu ne ba sa son kintace. Kwana biyu ina tunanin dabara.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Inna ta shimfiɗa tabarma a inda rana ta faɗo, ta kwanta a gefenta na dama ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe har fuska, barci ya ɗauke ta. Na tsaya da tef a hannu. Tef laushi gare shi, sai an danna shi a jiki yake faɗin gaskiya, in na danna kuwa za ta farka. Idona ya faɗa kan darni. Na ce a raina ga abu miƙaƙƙe, wanda zan riƙe a sama da ita ba tare da ya taɓa ta ba, daga baya in auna shi da tef. Na zare karan dawa guda ɗaya. Na durƙusa a bayanta, na daidaita kansa da wuyanta, na bi da shi zuwa ƙugu, na sa babban yatsa a inda nake so. Sannan, don kada in ɓata wurin, na karya shi.

Ƙarar karyewar ce ta tashe ta. Ta yaye mayafin, ta juyo. A karo na farko a rayuwata Inna ta dube ni sosai, daga fuskata zuwa karan da ke hannuna. A idonta na ga abin da na yi. A wajenmu mutum ɗaya ake aunawa da kara yana kwance a rufe. In an yi rasuwa, akan zaro kara a gwada tsawon mamacin, a karya, a ba masu haƙa su tafi da shi maƙabarta. Na san wannan tun ina yarinya. Wallahi na sani. Amma a wannan hantsin babu komai a kaina sai riga.

Ta tashi zaune. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta mayar da fuskarta ga bango ta ce, “Ashe an matsu. Ai da an bari na cika tukuna.”

Karan ya faɗi daga hannuna. Na so in yi mata bayanin rigar. Ban saba yi mata magana mai tsawo ba, gaisuwa kawai na iya. Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Da la'asar na ji tana faɗa wa bango, da ƙarfi yadda zan ji: “Ran kasuwa za ni gida. In mutuwa ta, ta ishe ni ɗakina, kusa ga kabarin mai ɗakin. Ba ni zama inda anka yi min awo da raina.”

Gida! Babu kowa a ƙauyen nan sai waɗanda suka kore su. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka koma ɗebo hatsi, ba duka suka dawo ba. Kuma na san Inna, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Na sake kiran auta, ina kuka na gaya mata.

Ta ce, “Yaya, kin san mi kinka yi? Ran da anka kashe Baba maza dut sun watse daji. Tsohhi ukku sunka rage masu ginar kabari. Babu wanda za shi auna shi. Inna da kanta taz zare kara ga darni, tag gwada shi, tak karya, tam miƙa musu. Tun ran nan ko wuta ba ta hurawa da kara.”

Ban taɓa sani ba. Wa zai gaya mini? Na zauna a ƙasan madafa na rasa inda zan sa kaina.

Kwana uku suka rage kafin kasuwa. Maigidana ya je ya durƙusa a ƙofarta ya ba ta haƙuri, ya yi mata bayanin riga. Ta amsa masa da mutunci, ta sa masa albarka, ta ce ba ta riƙe kowa ba, amma tafiya tana nan. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da suke ɗan hira, ta shiga ta fito tana girgiza kai. Abincin da nake ajiyewa yana dawowa an ɗan taɓa gefensa. Tarin ya ƙaru. Ni kuma ina kewaya tsakar gida ina haɗa maganar da zan faɗa, in na iso ƙofarta sai ƙafata ta wuce. Tsoro nake ji, kuma a ƙarƙashin tsoron akwai haushi. Ina jin haushin al'adar da ta sa na san faɗin ƙirjin matan unguwa kaf, ban san na wadda ta haife ni ba.

Ranar kasuwa da safe ta aika maƙwabciyar ta kira mata mai mashin ɗin da ya kawo ta, mutumin wajen Gatawa ne, yana shigowa da kaya. Ya ce shi iyakarsa Gatawa, ba ya wucewa. Ta ce sauran ta taka da ƙafa. Ya ce zai sauke kaya ya dawo. Ta ɗaure ƙullinta, ta zauna a bakin gado da mayafi a ka tana jira.

Na ɗauki ƙunshin zaren da tsinkayen da tef, na shiga ɗakin ba sallama. Ban durƙusa a bakin ƙofa yadda na saba ba. Na je gabanta na zube su a ƙasa. Ta kawar da kai.

Na ce, “Inna, yau kam sai kin ji ni. Ba bango ka magana ba, ni ta.”

Da maganar ta fara fita sai ta ƙi tsayawa.

“Riga nika son yi maki. Riga ɗai. Na ga kina rawar ɗari gidana, ni da ka tuhwatar da ɗiyan mutane. Na auna rigarki, ta yi maki yawa, kin maido. Na ji tsoron taɓa ki, shi yas sa niɗ ɗauki kara. Wauta ta, na yi, Allah ya gani ban tuna ba. Amma ki hwaɗa min, ƙaƙa za ni san tsawon bayanki? Shekara arba'in da biyat ba ki taɓa ni ba, ban taɓa ki ba. Ko hannunki ban san girmanai ba. Ke kinka aje ni nesa, ni kau na tsaya inda kinka aje ni. Yanzu Baba ya tahi, Gwaggo ta tahi. In kinka hau mashin ɗin ga, wa ar rage min?”

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kan haka. Ina ganin gefen fuskarta kawai, da jijiyar wuyanta tana motsi.

Can sai ta sa hannu ta ture ƙullin kayan gefe. Ta miƙe da ƙyar, ta juya mini baya, ta fuskanci bango. Ta sauke mayafin ya faɗi a kan gado. Na sunkuya zan ɗauki tef.

Ta ce, “Aje wanga. Ba ki da hannu?”

Ba ta ce a faɗa wa masu gida ba. Da ni take.

Na matsa. Gwaggo ta koya mini awon taƙi tun kafin in san tef, a buɗe hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, a riƙa tafiya da shi. Na ɗora babban yatsana a kan ƙashin wuyanta. Jikinta da ɗumi, ban zaci haka ba. Na bi tsakiyar bayanta ina jin kowane ƙashi ta cikin rigar. Taƙi biyu da yatsa huɗu zuwa ƙugu. Na auna kafaɗa zuwa kafaɗa, taƙi biyu ba su cika ba. Na yi wa 'yan mata masu shekara goma sha biyu rigar da ta fi haka faɗi. Ta ɗaga hannunta da kanta ba tare da na ce ba, na bi shi daga kafaɗa zuwa gwiwa zuwa wuyan hannu, na zagaye wuyan hannun da yatsu biyu har suka haɗu suka yi saura. Da na zo ƙirji dole na zagaya da hannuwana duka biyu ta ƙarƙashin hammatarta. Tari ya taso mata a lokacin, na ji shi a tafin hannuna, na riƙe ta har ya lafa. Hawaye yana zuba mini, na bar shi, don ba ni da hannun sharewa.

A waje mai mashin ya dawo, ya danna ham sau biyu.

Na ja da baya. Na ce, “Na gama, Inna.”

Ba ta juyo ba, ba ta ɗauki mayafin ba. Mai mashin ya sake dannawa, ya yi sallama daga zaure, ya ce rana tana yi.

Ta ce, “Kahwaɗar ga ba ki auna ta daidai ba. Sake.”

Shekara ashirin ina wannan aiki, na san daidai na auna. Na mayar da hannuna kan kafaɗarta, na fara daga farko, a hankali. Ina tsakiyar bayanta na ji mashin ɗin ya tashi ya tafi.